GARGAƊI: Mai gwanjon kayan gida a WhatsApp ya cinye min naira 1,850,000

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Naira 1,850,000, jama'a. Kayan ɗakina kaf, waɗanda Babana ya yi min da guminsa, wani ɗan damfara ya loda su a mota a gaban idona, har ruwan sanyi na aika wa yaransa suka sha.

An yi wa Abban yara canjin wurin aiki daga Kano zuwa Fatakwal. Duk wanda ya taya babbar mota tun da aka cire tallafin mai a 2023 ya san halin da ake ciki, kuɗin da direbobi suka yanka mana ya isa sayen wasu kujerun. Ga hayarmu za ta ƙare ƙarshen wata. Shi ne muka ce a sayar, in mun je ma sayi wasu. Dillaliya ta zo ta yi wa gado da sif da madubi tayin wulaƙanci, na ce ta je abinta.

Kuma kafin wata ta fara min wa'azi: ba a titi na tsince shi ba. A guruf ɗin mata na ga tallarsa, na shiga nasa guruf ɗin na zuba ido. Yana saka hoton kaya, ana tayi, wannan ta ƙara, wancan ya ƙara, wanda ya fi ya ɗauka, shi kuma ya cire la'adarsa kashi 10. Kullum sai ka ga ana "Allah ya saka da alheri Alhaji, na ga alat." Ashe duk layukansa ne, shi ke kiɗansa shi ke rawarsa.

Ranar da ya zo duba kaya, ƙin shigowa ya yi. Ya tsaya a ƙofar gida ya ce, "Hajiya, ba na shiga gidan matar aure in maigidan ba ya nan, zan jira." Ya jira kuwa, a rana. Tare suka yi La'asar da Abban yara a masallacin layinmu. Wallahi maganar nan ita ke hana ni barci. Zan jira. Da ya shigo ya buɗe firij ya saka hannu ya ji sanyinsa, ya sa aka tayar da janareta, na ce 200,000 nake so, ya ce, "Haba Hajiya, kin karya shi, wannan zai yi 280,000." Ku faɗa min tsakaninku da Allah, wane ɓarawo ne yake ƙara maka kuɗin kayanka?

Alat ɗin ya shigo ana tsakiyar lodi. Af, kafin nan an yi gwanjon da daddare a guruf, ina kallo kuɗi na hawa, bayan la'ada nawa ya tsaya 1,900,000. Dama tun ranar farko ya ba ni 50,000 a hannu kafin alƙalami, saura 1,850,000. To shi ne saƙo ya shigo wayata da sunan bankina, 1,850,000 cif, da sunana da komai. Na buɗe manhajar bankin tana ta juyawa. Ya ce matsalar netwok ce, kowa ya san halin yammacin Juma'a, zai faɗo. Kuma ai gaskiya ne ana yin haka, ya sha faruwa da ni da kuɗin gaske. Abban yara yana tsaye, shi ma ya karanta saƙon. Mu biyu ne, ba ni kaɗai ba.

Litinin a banki, yarinyar ta duba ta ce ko sisi bai shigo ba, saƙon ma ba daga wurinsu yake ba. Tun daren Asabar ashe ya cire ni daga guruf, layinsa a kashe. Shagon da ya kwatanta mana, mai wanki da guga muka tarar a ciki, bai taɓa jin sunansa ba. Direban motar mun same shi a tasha, ya rantse shata kawai aka ɗauke shi, a bakin titi aka juye kayan cikin wata motar.

Yanzu a tabarma muke kwana da yara, ga tafiya ta matso, ban ma iya faɗa wa Baba ba. 1,850,000! Mutumin da ya ce zai jira a rana. Allah ya isa, ban yafe ba.

Mun kai ƙara wurin 'yan sanda. Hotunan hirarmu, da saƙon bogin, da muryoyin da ya turo min duk suna nan, anjima zan saka su in na rufe lambar asusuna. Kada ku bari ko cokali ya fita sai kun ga kuɗi a cikin asusunku, saƙon waya ba kuɗi ba ne. Wanda kuma aka kawo wa kujeru ruwan toka masu zaman mutum 7, hannun babbar akwai ƙunar dutsen guga ta hagu, don Allah ya yi min magana.