F-TR ko F-Open: wanne ya kamata sabon maharbi ya saya?

Gasar F-Class, wato gasar harbin allo da bindiga daga nesa, ta samo sunanta daga George Farquharson, wani maharbi ɗan Kanada da girma ya kama shi har ido da hannu suka daina ba shi haɗin kai. Ya nemi a bar shi ya ɗora wa bindigarsa madubin hange, ya kuma jingina ta a kan wani abu maimakon riƙe ta da hannu. Yau ana yin gasar a Ingila, Amurka, Ostireliya da Afirka ta Kudu, gasar ƙasa da ƙasa kuma ana yin ta ƙarƙashin dokokin ICFRA, ƙungiyar duniya mai kula da irin wannan harbi. An yi gasar duniya ta farko a Ottawa a 2002, ta 2023 kuma a Bloemfontein.

Maharbi yana kwanciya rub da ciki ya harbi allo daga yadi 300 har zuwa 1,000. A yadi 1,000, da'irar tsakiya faɗinta kusan inci 5 ne kacal. Ajin gasar biyu ne, F-TR da F-Open, kuma wanda ka zaɓa shi zai yanke maka yawan kuɗin da za ka kashe.

A F-TR harsashi iri biyu kawai aka yarda da su: .223 Remington da .308 Winchester. Nauyin bindiga da madubi da ƙafafu biyun da ke riƙe gabanta duka kada ya wuce kilo 8.25. A F-Open kuwa an ba da kilo 10, ana ɗora gaban bindigar a kan wani maɗori mai nauyi da ke zaune a ƙasa, kuma kana da zaɓin harsashi mai faɗi. Shi ya sa manyan maharba suka raja'a kan .284 Winchester da .300 WSM, don iska ba ta karkatar da su sosai. Amma waɗannan suna cinye bututun bindiga da wuri, maɗorin kansa kuma, irin na kamfanin SEB, kuɗinsa na iya kai na wata bindigar.

Ni dai shawarata F-TR da .308. Harsashinsa yana samuwa, bututun yana daɗewa, kuma akwai bindigar kamfani irin Savage 12 F/TR da za a shiga gasa da ita daga kwali. Na .223 ya fi arha kuma bai cika dukan kafaɗa ba, sai dai a yadi 1,000 iska tana wasa da shi.

Wurin da bai kamata a yi rowa ba shi ne madubi. Nightforce Competition 15-55 da March su ne na masu hannu da shuni. Sightron SIII 10-50 da Vortex Golden Eagle 15-60 sun ishi mai farawa. Akwai abin dubawa da ya fi ƙarfin kusantowa muhimmanci: idan ka murɗa saiti, ya tafi daidai yadda ka murɗa, ya kuma dawo inda ka bar shi. Da rana tsaka kawalwalniya kan sa dole a rage ƙarfin, kuma ita kawalwalniyar, tare da tutocin fili, ita ce ke nuna maka inda iska ta dosa. A auna madubi da sikeli kafin saya, domin a F-TR kowane giram yana cikin lissafi. Kada a sayi abin da ake ɗaurawa a bakin bindiga don rage dukan kafaɗa (muzzle brake), dokar gasar ta hana shi.

Kafin duk wannan akwai lasisi. A Birtaniya sai ka shiga kulob ɗin da hukuma ta amince da shi, ka yi aƙalla wata 3 na gwaji, sannan ka nemi takardar izini wurin 'yan sanda. Kulob da yawa suna ara wa sabon shiga bindiga, don haka ka harba ajin biyu tukuna kafin ka fitar da ko sisi.