Ƴar na'urar bayan maɓalli ko zare sensar batir?

Wa'alaikumus salam, Alhaji. Ka yi tambaya kan yadda za ka hana motarka kashe injinta da kanta duk lokacin da ka tsaya, wato tsarin da ake kira start-stop. Tsakanin shawarar mai wayarin ɗinka ta zare sensar batir da ƴar na'urar da aka yi maka talla, ɗauki na'urar.

Dalilin da ya sa maɓallin nan mai harafin A da kibiya zagaye da shi, wanda ake kashe tsarin da shi, yake gajiyar da mutane shi ne, a yawancin motoci ba ya riƙe abin da aka zaɓa. Ka kashe tsarin a unguwar Nima ta Accra, ka tsaya shan mai, kana sake tayar da mota ya dawo. Sai ka shiga cunkoson mahaɗar Circle da tsakar rana, ka taka birki, inji ya ɗauke, kwamfuresan AC ya tsaya tare da shi tunda bel ke juya shi, fanka ta fara huro maka iska mai ɗumi.

Na'urar ba ta kai akwatin ashana biyu ba, kuma aikinta ɗaya tak: daƙiƙu kaɗan bayan mota ta tashi, sai ta danna maka maɓallin daga ciki. Sa ta ba wuya. A kashe mota, a ɓalle murfin da maɓallin yake da abin ɓallewa na roba don kada a karce dashbod, a zare soket ɗin bayansa, a jona na'urar a tsakani, a mayar. Ba a yanke waya ko ɗaya. Idan fitilar maɓallin ta kama da kanta bayan an tayar, aiki ya yi. Ran da za ka sayar da motar, ka cire abinka. Sharaɗin kawai shi ne ta dace da ƙirar motarka da shekararta, domin soket ya bambanta. Masu BMW ko Volkswagen kuwa, da yawa ana gyara musu ta kwamfuta a soket ɗin OBD, wato inda ake jona kwamfutar binciken mota, da ke ƙasan sitiyari, ba sai sun sayi komai ba.

Zare sensa yana hana injin mutuwa, iyakar alherinsa ke nan. Sensar da ke kan sandar negatif ita ke gaya wa kwamfuta ƙarfin batir da zafinsa. Babu ita, altanata zai yi ta caji ba lissafi, kwamfuta ta ajiye lambar matsala, wata motar har fitila ta kama.

Ba ka tambaya ba, amma ka kula da batir. Motar da ke da wannan tsari batirin AGM ko EFB take so, nau'ikan da aka yi don jure yawan tayar da inji, ko da ka kashe tsarin. Idan za ka saya a kasuwar kayan mota ta Abossey Okai, kada ka yarda da “duk ɗaya ne”. Akwai masu manna takardar AGM a jikin batir na gama-gari, ko su wanke tsoho su ce sabo. Duba ranar ƙira a jikinsa, a auna a gabanka, lafiyayye mai cikakken caji yana nuna wajen volt 12.6 zuwa 12.8. Wasu motocin Jamus sai an yi wa sabon batir rajista a kwamfuta.

Idan kuma motarka hybrid ce, mai amfani da fetur da lantarki, irin Prius, duk wannan bai shafe ta ba, kada ka bari kowa ya taɓa mata waya.