Shagon tura fina-finai a Wunti da gardamar asalin annobar zombi

A cikin jerin shagunan da ke tura wa mutane fina-finai a waya da filas a kusa da kasuwar Wunti da ke Bauchi, akwai wani ƙaramin shago da ya yi fice wajen fina-finai masu dogon zango na Amurka, musamman The Walking Dead, wanda tashar AMC ta fara nunawa a 2010 ta kammala a 2022 bayan zango 11. Mai shagon yana da shi cikakke, kuma yana jera fitowa-fitowa da lambobinsu yadda mai kallo ba zai tsallake ko ɗaya ba. Farashinsa daidai yake da na maƙwabtansa, turawar ma ba ta ɗaukar lokaci.

Abin da ya fi jan matasa zuwa wurin shi ne gardamar da ake tafkawa a kan benci, game da abin da ya sa a cikin shirin matattu suka tashi suna farautar masu rai, wato zombi. Wasu sun tsaya a kan cewa makami ne na soja da ya kuɓuce daga ɗakin gwaji. Wasu kuwa sun ɗora laifin a kan shuɗiyar ƙwayar maye ta Breaking Bad, wani shirin na AMC, domin an hango irinta a jakar ƙwayoyin Merle, wani mutum a cikin The Walking Dead, a zango na biyu, alhali a ganina wannan raha ce kawai tsakanin shirye-shirye biyu na tasha ɗaya. Akwai kuma masu kafa hujja da amsar da Robert Kirkman, marubucin labarin na asali, ya taɓa bayarwa a Twitter a 2020 cewa ƙwayar cutar daga sararin samaniya ta faɗo, ko da yake daga baya ya nuna wasa yake yi. Mai shagon yana sauraron kowa, kuma yana da wata ɗabi'a da na yaba, wato ba ya bari a tona ƙarshen labari a gaban wanda bai kai wurin ba.

Sai dai a nan ne shagon ya yi tuntuɓe. Hujjar da ta fi kowace ƙarfi ita ce ta Faransa. Tun a ƙarshen zango na farko, likita Jenner na cikin shirin, ma'aikacin CDC, cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka da ke Atlanta, ya ce Faransawa ne suka fi daɗewa suna neman magani, sannan a 2021, bayan rubutun sunayen 'yan wasa a fitowar ƙarshe ta World Beyond, wani shirin da ya samo asali daga The Walking Dead, an nuna wani ɗakin gwaji a Faransa inda ake zargin masu binciken da haddasa annobar. Kwafin da shagon yake turawa an datse shi daidai inda sunayen suka fara, saboda haka yawancin masu gardamar ba su taɓa ganin wannan wuri ba. An kuma matse hoton domin ya rage cin memori, har wuraren dare a fim ɗin suka zama duhu zalla.

Wanda yake son shirin a jere ba tare da ƙona data ba, zai gamsu da shagon, amma ya nemi a buɗe masa fitowar ƙarshe ta World Beyond a kwamfutar shagon, a ja ta har ƙarshe, kafin ya biya.