Sharhi: Na sa an shafa wa intalok ɗin gefen wurin ninkaya sila, ga abin da na gani bayan damina

Intalok, wato duwatsun daɓen da ake jerawa a ƙasa, siminti ne, kuma siminti yana shan ruwa. A tsakar gida wannan ba ya damun kowa sosai, amma a gefen wurin ninkaya, inda yara ke fitowa suna ɗiga kuma ruwan kilorin ke fantsama kullum, sai abin ya zama ciwon kai. Namu na gida a Kaduna ja ne lokacin da aka shimfiɗa shi. A hankali ya koɗe, farin gishiri ya feso masa kamar an barbaɗa kanwa, gansakuka ta kama ɓangaren da ke inuwar mangwaro, tururuwa kuma suka dinga tono yashin da ke tsakanin duwatsun. Wannan ne ya sa na nemi masu shafa sila, wato ruwan sinadarin da ake shafa wa dutse don ya hana shi shan ruwa.

Abin da ya fara burge ni da shugaban ma'aikatan shi ne bai yi mini gaggawa ba. Na kira shi a watan Satumba, ya ce, "Alhaji, a bari ruwa ya ɗauke tukuna." Ya zaɓi farkon Nuwamba, ƙasa ta bushe, ƙurar hunturu kuma ba ta yi ƙarfi ba. Dalilinsa mai kyau ne. Idan akwai laima a cikin dutsen aka rufe shi, laimar ba ta da hanyar fita. Idan kuma ƙura ta sauka a kan silar da ba ta bushe ba, ta zauna ke nan. Bazara ma ba lokacinsa ba ne, domin yawancin gwangwanayen suna rubuta a shafa idan zafi yana tsakanin digiri 10 zuwa 32 na ma'aunin Celsius, alhali dutsen da ya sha ranar Afrilu ya wuce haka nesa. Wanda intalok ɗinsa sabo ne, ana so ya jira kwana 60 zuwa 90, gishirin simintin ya gama fitowa.

Yawancin aikin wanki ne. Sun rufe ruwan da tamfol, suka cire ciyawa, suka wanke da injin feshi irin na masu wankin mota, suka goge farin gishirin da sinadarinsa, suka bar wurin ya bushe, sannan suka cika tsakanin duwatsun da sabon yashi. Shafawar kanta ba ta ɗauki lokaci ba. Kuɗin aikin hannu ya fi kuɗin silar, kuma da na ga wahalar ban ji an cuce ni ba.

Sila iri biyu muka yi amfani da su, kuma a nan ne nake so mai karatu ya natsu. Akwai mai shiga cikin dutsen ta hana shi shan ruwa ba tare da ta canza kamarsa ba. Akwai kuma ta akirilik, mai kwanciya a sama ta fito da launi, wurin ya riƙa sheƙi. Kowa ya ga ta biyun ita yake so, iyalina ma ita suka zaɓa. Amma sheƙin nan idan ya haɗu da ruwa da ƙafar yaro mai gudu, santsi ne, kuma faɗuwa a bakin kwamin ninkaya ba ƙaramin abu ba ne. Saboda haka muka sa mai shiga ciki a duk zagayen da ake takawa da jiƙaƙƙiyar ƙafa, ta akirilik kuma a can wajen kujeru, aka zuba mata garin hana santsi a shafi na biyu.

Yanzu damina ta wuce a kansu. Zagayen kwamin bai canza a ido ba, har wani baƙo ya tambaye ni ko an yi masa wani abu. Amma ka zuba ruwa ka gani, sai ya dunƙule ya gangara. Gansakuka ta ragu ƙwarai, abin da ya fito tsintsiya da ruwa ke ɗauke shi, ƙafa kuma tana kama dutsen kamar da. Rauninta biyu ne. Ba ta riƙe yashin tsakani, don haka tururuwa sun dawo a wasu wurare, kuma ba ta tare maiƙo. Man gashin nama da ya ɗiga a wajen ya bar tabo.

Ta akirilik ta dawo da jan launin, ta kama yashin, shayi ko lemo ya zube sai a goge kawai. Sai dai da tsakar rana na ji wurin ya fi da zafi a tafin ƙafa, tunda launin ya yi duhu. A ƙarƙashin mangwaron kuma ta yi fari-fari, saboda nan bai gama bushewa ba suka shafa. Wannan sakacinsu ne, na kuma faɗa musu. Sun dawo sun narkar da wurin da sinadari sun sake shafawa ba su karɓi ko kwabo ba, amma har yau idan ka lura za ka ga bambanci.

Zan sake kiran su, kuma zan ba wani shawarar ya yi. Sila ba ta dawwama, a kan sabunta ta bayan shekara 3 zuwa 5, ranarmu kuwa ina ganin za ta cinye ta akirilik kafin haka. Idan lokacin ya zo, mai shiga ciki zan sa a ko'ina banda ƙarƙashin rumfar da ake cin abinci. Kafin ka biya kowa, ka ce ya shafa a duwatsu kaɗan a gefe, ka jiƙa su bayan sun bushe, ka taka da ƙafarka babu takalmi.