Inshorar hawan Kilimanjaro: ta ejan ko mai jirgin ceto?

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka tambayi wace inshora za ka saya don hawan dutsen Kilimanjaro na Tanzaniya. Mai jirgin ceton za ka saya. Tunda ka ce ejan ɗinka ya nuna maka ta araha ya rantse "ta haɗa komai", kuma bambancin kuɗin ne ya sa kake jan ƙafa, bari in ba ka labarin kowacce. Duka biyun na taɓa saye, duka biyun kuma na hau dutsen nan da su a aljihu.

Ta arahar na fara saye. Irin wadda ake yi wa masu neman bizar Turai ce, shafi ɗaya mai tambari, a ofishin da na yanki tikiti aka buga mini ita kafin in gama shan ruwan da aka kawo mini. Ba zan yi mata ƙarya ba, in akwatinka ya maƙale a Addis Ababa ko ciki ya ɓaci a otal a Moshi, garin da ke gindin dutsen, za ta iya yi maka rana. Iyakarta ke nan.

Ta hanyar Machame, ɗaya daga cikin hanyoyin hawa dutsen, muka bi. A rana ta uku, bayan mun wuce Lava Tower, kaina ya ɗauki sara kamar ana daka a ciki, amai ya ƙi tsayawa. Da muka kwana a zangon Barranco abin bai sauka ba, jagora ya ce sai ƙasa, aka haɗa ni da mutum biyu muka gangaro ta hanyar Umbwe da ƙafa. Kwana biyu na yi a asibiti a Moshi, na biya daga aljihuna, na adana rasit ɗaya bayan ɗaya ina murna za a mayar mini. Da na dawo gida na tura musu, amsar layi uku ce: in duba sharuɗɗa, ba sa ɗaukar nauyin abin da ya faru a sama da mita 3,000. Takardar sharuɗɗan ma ba a taɓa ba ni ita ba, sai ranar na fara ganinta.

To dubi lissafin da kanka. Zangon Machame, inda ake kwanan farko, yana dab da mita 3,000. Kwana na biyu a Shira ne, wajen mita 3,800. Ashe tun hantsin rana ta biyu ba ni da inshora, takarda kawai nake yawo da ita. Barafu, zangon da ake tashi daga shi cikin dare a nufi ƙoli, mita 4,673 ne, Uhuru kuwa, wato ƙolin kansa, 5,895. Mu da muka tashi a Kano, ƙasa da mita 500 daga bakin teku, jikinmu bai san wannan ba. Ko Chappal Waddi na Taraba, wanda babu dutsen da ya kai shi tsawo a Najeriya, mita 2,419 ne, bai kai inda za ka shimfiɗa tabarmarka a daren farko ba. A can ƙoli, oksijin da kake ja a kowane numfashi kusan rabin na bakin teku ne. Kuma ciwon nan da ƙarancin oksijin ke jawowa bai san mai ƙarfi ba. Na ga ɗan ƙwallo ana riƙe da shi, dattijuwa da sandarta ta wuce shi tana ce masa "pole pole", wato sannu sannu da Suwahili.

Bayan shekara biyu na koma, wannan karon da ƙanin mai ɗakina, yaro lafiyayye mai gudun safe kullum. Na sayo mana wadda aka rubuta a jikinta ƙuru-ƙuru cewa tana aiki har mita 6,000, da jirgi mai saukar ungulu, da kuɗin asibiti. Ranar da na biya sai da na ji zafin kuɗin, har shi ma ya ce mini, "Yaya, wannan ai kuɗin takalmin hawa mai kyau ne ka zubar."

Mun iso Barafu da la'asar yana ɗan tari. Ya ce ƙura ce. Bayan isha tarin ya canja murya, in ka kara kunne a ƙirjinsa sai ka ji kamar tafasar ruwa a tukunya, leɓɓansa suka yi toka-toka, daga tanti zuwa bayan gida sai ya tsaya hutawa sau uku. Jagoranmu ya maƙala masa ɗan abin nan na yatsa mai auna oksijin, ya dubi lambar, ya dube ni, bai ce komai ba ya tafi ɗauko tukunyar oksijin. Ruwa ne ya fara taruwa a huhunsa. Wannan da kumburin ƙwaƙwalwa su ne suke kisa a dutse, kuma ba sa jiran gari ya waye.

Na hau kan wani dutse inda waya ke ɗan kamawa, hannuna na rawa don sanyi da tsoro, na kira lambar da ke jikin takardar. Bugu biyu aka ɗauka. Wata mata ta karɓi lambar inshorar, ta haɗa jagoran da likitansu, likitan ya ce kada mu jira komai, mu fara sauka da shi yanzu, jirgi ba ya tashi cikin dare amma za a tanade shi da asuba. 'Yan dako shida suka ɗaure shi a kan gadon ƙarfen nan mai taya ɗaya, suka gangara da shi cikin duhu da fitilun goshi, ni ina biye ina karanta duk abin da ya zo bakina. Kafin asuba muna zangon Millennium, kusan mita 900 ƙasa da Barafu, har ya fara magana yana tambayar ina wayarsa. Da rana ta fito, kafin gajimare ya rufe, muka ji ƙarar jirgin. Tafiyar da ni na kwashe yini ina yi da ƙafa har ƙofar fita ta Mweka, shi bai cika rabin sa'a ba yana kan gadon asibiti.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ba jirgin ba ne. Da na isa asibitin da yamma, ƙafafuna duk kanta, na tarar babu wanda ya tare shi da maganar kuɗi. Kamfanin ya riga ya aika musu da takardar lamuni. Matar nan ta ci gaba da kirana kullum da safe tana tambayar yadda ya kwana, su suka ɗaga mana tikitin dawowa har sai da likita ya ce zai iya hawa jirgi. Da na ga takardar kuɗin jirgin ceton daga baya, dubban daloli, sai na yi shiru. In da ni aka ce in ajiye su a daren nan, kai ma ka san halin katunanmu na naira a ƙasar waje. Abin da ya fita daga aljihuna shi ne tukuicin 'yan dakon nan, shi kuwa na ba su da hannu bibbiyu. Yaron har yau in muka haɗu sai ya ce, "Yaya, ina labarin takalmi?"

Don haka ko a cikin masu tsadar akwai abin dubawa. Wata kai za ka biya tukuna, ka dawo ka yi ta cike takardu ana mayar maka bayan watanni. Wata su suke biyan mai jirgi da asibiti kai tsaye. Ta biyun nake nufi. Sannan wasu kamfanonin na ceto ne zalla, za su ɗauke ka daga dutse su ajiye ka a ƙofar asibiti, kuɗin gado da magani naka ne, sai ka haɗa da wata. Kusan dukkansu kuma suna da sharaɗin a kira su kafin a kira jirgi. In jagora ya kira da kansa ba su sani ba, za su iya zame jiki. Inda za ka rage kuɗi shi ne, kada ka yarda a sayar maka da ta masu hawa da igiya da gatarin ƙanƙara. Kilimanjaro ta hanyoyin da aka saba bi tafiyar ƙafa ce, ba ka buƙatar waccan.

Kamfanin da zai hau da kai zai iya ce maka ai kuɗin ceto yana cikin abin da ka biya. Gaskiya ne, amma kallon kitse kake wa rogo. Dala 20 ce da hukumar gandun dajin take karɓa daga kowane mai hawa. Abin da take saya maka shi ne ma'aikatan gandu, da gadon nan mai taya ɗaya, da motar da za ta fito da kai. Babu jirgi a ciki, babu asibiti. Za ka kuma ji ana maganar AMREF Flying Doctors, waɗanda suke filin jirgin Wilson a Nairobi tun tuni. Mutanen kirki ne a aikinsu, amma abin da aka fi saninsu da shi shi ne ɗaukar mara lafiya daga filin jirgi zuwa babban asibiti a Nairobi. In za ka yi rajista da su ka yi a matsayin ƙari, ka kuma tambaye su dalla-dalla wa zai sauko da kai daga mita 4,600.

Ba ka tambaye ni ba, amma sai na faɗa: harkar nan cike take da 'yan damfara. Akwai ejan da zai buga maka takarda a kwamfutarsa da tambarin kamfani na gaske, lambar da ke jiki ba ta cikin rajistar kowa, don ya san yawancin masu saye biza kawai suke so, babu mai komawa neman diyya. In kamfanin Najeriya ne, duba ko yana cikin waɗanda NAICOM, hukumar kula da inshora ta ƙasa, ta ba lasisi, sannan ka kira kamfanin da kanka, ka karanta musu lambarka su tabbatar. Lambar gaggawar ma ka buga ta tun kana gida ka ji ko mutum zai ɗauka. Duk abin da ejan ya ce maka da baki, ka ce kamfanin ya turo maka a rubuce ta imel: sunan dutsen, tsawonsa, da jirgin. In na waje ne kuma suka tambayi ƙasar da kake zaune, ka rubuta gaskiya. Na san wanda aka ba shawarar ya sa adireshin ɗan'uwansa na Ingila don ya samu sauƙi. Ranar biyan diyya wannan adireshin za su fara bincike.

Can kan dutse ma akwai nasu salon. A Nepal a 2018 gwamnati ta binciki wasu kamfanonin yawon dutse da masu jirage da asibitoci da suka haɗa baki suna kwashe masu hawa da jirgi a kan ɗan ciwon kai, su caji kamfanonin inshora kuɗi mai yawa, wani lokaci jirgi ɗaya ya ɗauki mutum uku a rubuta kamar sawu uku aka yi. Har an ruwaito ana zuba wa mutane wani abu a abinci don cikinsu ya ɓaci. Shi ya sa kamfanonin suka tsaurara, suke son likitansu ya ji da kunnensa. In jagora ya fara tambayarka wace inshora gare ka tun kafin ya tambayi lafiyarka, ka sa masa ido.

Wani abu kuma da ya shafe mu musamman: ka san rukunin jininka na sikila? Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a ƙasar nan AS ne, da yawa ba su ma sani ba don ba ya damunsu a gida. A tsauni mai ƙarancin oksijin yana iya taɓa saifa, ciwo mai tsanani a gefen hagu ƙarƙashin haƙarƙari. Je ka yi gwaji, ka ga likita, shi zai gaya maka ko ka tafi, shi kuma zai rubuta maka Diamox, maganin da ke taimaka wa jiki sabawa da tsauni, in ya dace da kai. Duk abin da kake da shi, hawan jini ko asma ko AS ɗin, ka rubuta a fom. Ɓoyewa ba ta rage maka komai sai haƙƙinka.

Na san a zauren nan akwai masu ƙyamar inshora saboda addini, ni kuma ba malami ba ne, ba zan ba da fatawa ba. Wanda hankalinsa ya fi kwanciya da takaful, wato inshorar Musulunci, ya je wajensu, amma ya riƙe tambayar nan tasa a hannu, har mita nawa, kuma da jirgi ko babu. Sunan takarda ba shi ke sauko da mutum ba.

Kwana nawa aka tsara maka? In biyar ne ta hanyar Marangu, ƙara kuɗi ka mayar da shi shida, ko ka koma Machame ta kwana bakwai, ko Lemosho ta takwas. Jiki lokaci yake so ya saba, kuma gaggawar nan ita ta kwantar da ni karon farko. Ka buga takardar inshorar kwafi biyu ka sa a leda, ɗaya a jakarka ta baya, ɗaya a hannun jagora tun a ƙofar shiga, don sanyi yana cinye batirin waya. Kafin ka biya kowa, ɗauki hoton shafin da aka jera abubuwan da ba sa biya ka turo mini ta akwatin sirri, zan duba maka bayan magariba in sha Allahu.