Gilashin 50mm: ya nuna min Ƙofar Mata, mai shago ya ɓata min Zinder

Ba don tafiyar Zinder ba da ban sayi wannan gilashin kyamara ba. Niyyata in je in ɗauko gidajen Birni, tsohuwar unguwar Zinder, da fadar Sarkin Damagaram, sai wani mai shagon kayan hoto ya ce wanda ya zo da kyamarata, na 18-55 mai zuƙowa, ba zai yi min aikin ba, in ɗauki 50mm mai buɗewa har f/1.8, wato mai buɗe ido sosai ya sha haske. Tafiyar ta ɗan ja, na ce bari in gwada shi a nan Kano.

Marinar Ƙofar Mata na shiga, wadda ake cewa tun 1498 ake rini a cikinta, wurin da kullum muke wucewa a adaidaita sahu ba ma ko waiwaye. Da hantsi ne, hazo bai gama washewa ba. Na tarar da wani dattijo a tsugune bakin karofi yana tsoma ƙyalle yana ɗagowa. Na ce, "Baba, sannu da aiki, ko zan ɗauki hannunka?" Ya ce, "Ɗauka yaro, amma ban da fuska." Wallahi da na duba abin da ya fito sai da na zauna a kan dakali. Ƙyallen yana fitowa daga ruwan baba kore-kore, iska na taɓa shi yana komawa shuɗi, kuma hoton ya kama shi a tsakani, rabi kore rabi shuɗi. Ga jijiyoyin hannunsa, ga rinin da ya shige ƙarƙashin farce, ga ɗigon ruwa a gefen yatsa, su kuwa babura da tarkacen da ke baya duk sun narke sun koma dishi-dishi. Ban taɓa ɗaukar hoton da ya kai wannan ba.

Daga ranar ido ya buɗe. Tiririn butar mai shayin layinmu bayan magariba, allunan almajirai a jingine jikin garu, hannun ƙanwata tana tankaɗe. Ko filasha ba na kunnawa, domin a f/1.8 hasken da yake sha ya kusa ninki goma na tsohon gilashina idan an zuƙo shi zuwa ƙarshe a f/5.6.

To amma da na isa Zinder, ta Daura da Matamaye, raina ya ɓaci ƙwarai. Gilashin ba ya zuƙowa, ba ya ja baya, ƙafarka ce kawai. Kuma a irin kyamarata mai ƙaramar sensa, wato abin da ke kama hoton a ciki, 50mm ɗin yana gani ne kamar 80mm, fili kaɗan yake ɗauka. Lungunan Birni ga su a matse. Na ja da baya har gadon bayana ya daki katanga, amma rabin zanen ƙofar gida kaɗai ke shiga, zankwayen sama ko alamarsu. Fadar ma guntu-guntu na ɗauko ta. Mai shagon nan ya riƙe kyamarata da hannunsa, na gaya masa gine-gine zan je ɗauka, ya san haka za ta faru, ya yi shiru don ya sayar.

Kai, har murfin baya ma bai ba ni ba, a leda ya naɗo min shi, ana tsakiyar hunturu, ƙura ko'ina. Da na dawo na yi masa magana cikin mutunci, ko ɗago kai bai yi daga wayarsa ba, ya ce kaya ya riga ya fita.

Gilashin dai ba zan sayar ba, kullum yana jikin kyamara. Mai son hannu da fuska da ƙananan abubuwan ƙofar gida ya saya, ba zai yi nadama ba. Mai tafiya don ganuwa da masallaci da fada kuwa ya riƙe na 18-55 ɗinsa a jaka. Shagon nan kuma ko batir ba zan sake saya a can ba.