Wane Ma'auni Za Ka Ɗauka Don Gano Abin Da Ke Rage Gudun Manhajar Java?

Na taɓa kwana uku ina rushe azuzuwan (classes, wato sassan da ake raba lambar Java a ciki) wata manhaja, ina zargin yadda wani aji ke gadon wani ne ya sa take jan ƙafa. Ashe layi ɗaya ne: ina haɗa rubutu da alamar + a cikin zagaye (umarnin da ke maimaita aiki), kowane juyi sai an ƙirƙiri sabon String, wato abin da Java ke ajiye rubutu a ciki, mai kwashe sharar ƙwaƙwalwa (sashen Java da ke share abubuwan da aka daina amfani da su) kuma ya rasa hutu. StringBuilder, wanda ke haɗa rubutu ba tare da ƙirƙirar sabon String a kowane juyi ba, ya kashe maganar. Da na auna tun farko, da ban sha wannan wahalar ba.

To wane ma'aunin (profiler), wato manhajar da ke nuna inda lokaci da ƙwaƙwalwa ke tafiya?

VisualVM kyauta ne, kuma ya fi sauƙi ga ɗan koyo. Daga JDK 9 (fitowa ta tara ta JDK, kunshin kayan aikin Java) aka daina haɗa shi a cikin kunshin, sai ka sauke shi daban. Aibinsa shi ne yana ɗaukar samfuri ne kawai a wuraren da JVM, wato injin da ke gudanar da manhajar Java, ke iya tsayar da aiki, don haka yakan ɗora laifi a kan sashen manhajar da bai ci ba bai sha ba.

Java Flight Recorder kuwa a da na kuɗi ne a hannun kamfanin Oracle, mai Java, har zuwa JDK 11 a 2018 da aka sake shi ga kowa. Nauyinsa kaɗan ne ƙwarai, za ka iya barinsa a kunne a kan sabar da jama'a ke amfani da ita, daga baya ka buɗe abin da ya naɗa da JDK Mission Control. Nan za ka ga wane aji ne ke haihuwar abubuwa kamar ɓera, misali inda aka sa Long (lamba a naɗe cikin abu) maimakon long (lamba tsagwaronta) a cikin lissafi. Ni shi nake fara ɗauka.

Shi ma async-profiler kyauta ne, kuma ba shi da wancan aibin na VisualVM, amma na Linux da macOS ne. Mai Windows sai haƙuri.

JProfiler da YourKit su ne na sayarwa, kuma da kuɗin waje ake biya. Abin da kake saya shi ne sauƙin gani, musamman idan matsalar tana wajen rumbun bayanai: suna jera maka kowace tambayar SQL, wato umarnin da manhaja ke aika wa rumbun, da lokacin da ta ci. Idan kamfani ne zai biya, bismillah. Idan daga aljihunka ne, yi amfani da kwanakin gwajin da suke bayarwa a kan matsalar da Flight Recorder ya kasa nuna maka, kafin ka ciro katinka.